Ciki da Neman Aiki: Amsa ga Wata Malamar Asibiti Daga Babban Mutum

Muna gode wa Allah wanda ya raya mu cikin mahaifa ba da dabararmu ba, ya fito da mu duniya ba mu san kome ba, sa'an nan ya sanar da mu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu jingine bayanin da muka faro a kan hukunce-hukuncen ciniki, saboda wata takarda da ta zo mana daga Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Baure ta ƙasar Daura. Wata baiwar Allah ce ta rubuto, ta roƙi a sakaya sunanta, mun kuwa sakaya. Ta ce bara ta gama makarantar koyon aikin jinya a Katsina, ta ci jarrabawa, ta sami lasin. Wata takwas ke nan da aurenta. Ta kai takardun neman aiki wurare da dama, har yanzu shiru, amma ana ta raɗe-raɗin za a ɗauki ma'aikatan lafiya. Ƙawayenta sun gaya mata cewa duk wadda ta je wurin ganawa da ciki a gaba, to, ta je ne kawai ta gaida mutane. A gida kuma uwar miji ta fara kallon cikinta kafin ta kalli fuskarta. To, tana tambaya: ya halatta ta sha magani ta jinkirta ɗaukar ciki har ta kama aiki? In mijin bai yarda ba, za ta iya sha a ɓoye? In kuma cikin ya riga aikin zuwa, za ta iya ɓoye wa masu ɗaukar aiki? A ƙarshen takardar ta ƙara wani layi da ƙananan baƙaƙe, cewa wata ta ce mata in bai kai kwana arba'in ba, ai jini ne, ba kome.

Na karanta takardar nan sau uku. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne, da yawa daga cikin 'ya'yanmu mata da muka tura makaranta suna cikin wannan hali, sai dai kunya ta hana su tambaya. Ke kuwa, 'yata, da kika tambaya, Allah ya yi miki albarka.

Mu fara da aikin kansa, domin wanda bai san darajar abin da ake nema ba, ba zai iya auna shi da wani abu ba. Jinyar marasa lafiya farilla ce ta kifaya, watau in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. A zamanin Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) akwai wata sahabiya mai suna Rufaida, wadda ke da hema a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira, wurinta aka kai shi da umurnin Annabi. A nan ƙasarmu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan faɗa ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tsara 'yan taru suna kai wa mata ilmi har ƙauyuka.

Bukatar kuwa ba a ɓoye take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. Wanda ya san garuruwanmu na bakin iyaka, irin su Babban Mutum da ƙauyukan da ke tsakaninta da Magarya, ya san yadda ake yi. Mace ta kwana ta yini tana naƙuda, miji yana ta jan ƙafa, dalilinsa shi ne ba ya son namiji ya duba iyalinsa. Ni ban ga yadda mutum zai ƙi namiji ya duba matarsa, sa'an nan ya ƙi barin 'yarsa ko matarsa ta yi aikin asibiti ba. To, wa zai duba? Ga shi kuma ƙwararrun nas-nas namu suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da sauran ƙasashe. Saboda haka neman aikin da kike yi, 'yata, abu ne mai lada in an gyara niyya. Annabi Yusufu ma da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, kamar yadda ya zo a aya ta 55 cikin Suratu Yusuf, domin ya san zai iya.

Sai tambaya ta fari. Abin da sahabbai suka sani na hana ɗaukar ciki shi ne azalu, watau miji ya janye kafin ya kawo. Jabiru ɗan Abdullahi ya ba da labari, Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa suna yin haka a lokacin da Alƙur'ani ke sauka, bai kuwa hana su ba. Akwai wani hadisin na Jabiru cikin Muslim wanda ya fi kusa da maganarmu. Wani mutum ya zo wurin Annabi ya ce yana da kuyanga, ita ke yi musu hidima, ita ke ɗebo musu ruwa, yana saduwa da ita amma ba ya so ta yi ciki. Ku duba dalilinsa: aiki. Annabi bai tsawata masa ba, ya bar masa zaɓi in ya so ya yi azalu, ya kuma sanar da shi cewa abin da aka ƙaddara mata sai ya zo mata. Bayan wani lokaci mutumin ya dawo ya ce kuyangar ta yi ciki. Wannan hadisi ya ɗauki amsa biyu a baki ɗaya. Ya halatta dabara, ya kuma nuna iyakar dabara.

Kada mu ɓoye ɗaya gefen. A cikin Muslim ɗin dai akwai hadisin Juzama 'yar Wahabu, inda aka kamanta azalu da wani ɓoyayyen nau'i na binne 'ya'ya da rai. Akwai kuma hadisin Ma'aƙilu ɗan Yasaru, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, mai kwaɗaitar da auren mace mai haihuwa domin al'umma ta yawaita. Malamai da yawa sun haɗa hadisan nan ne da cewa azalu bai haramta ba, amma barinsa ya fi in babu wata bukata. Imam Malik ya kawo babi a kansa cikin Muwaɗɗa, ya ce ba a yi wa 'ya mace azalu sai da izininta, haka kuma Shehu Halilu ya bi cikin Muhtasar. Imam Gazali cikin Ihya ya jero dalilan da ke sa mutane yin sa, har da kiyaye lafiyar mace da gudun ƙunci, bai ce sun haramta ba.

Malaman wannan zamani sun yi ƙiyasin ƙwayoyi da allura da sauransu a kan azalu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait cikin watan Disamba 1988, ta yanke cewa ba ya halatta hukuma ta kafa doka ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya, kuma haramun ne a kashe ƙarfin haihuwa gaba ɗaya sai da lalura. Amma ta halatta jinkirtawa na wani lokaci, ko sa tazara, in akwai bukatar da shari'a ta yarda da ita, da shawara da yardar miji da mata, ba tare da cutarwa ba, ta hanyar da ta halatta, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba.

To, neman aiki yana cikin bukatun da shari'a ke dubawa? Abin da na fahimta shi ne, ya danganta da abin da ke cikin zuciya. In kina cewa a ranki ɗan da zai zo shi zai tare miki arziki, ko ba za ku sami abin ci da shi ba sai da albashinki, wannan mummunan zato ne ga Allah. Aya ta 31 cikin Suratul Isra'i da ta 151 cikin Suratul An'am sun hana kashe 'ya'ya don talauci, sun kuma tabbatar da cewa arzikin iyaye da na 'ya'ya duka a hannun Allah yake. Jinkirta ciki ba kisa ba ne, amma tsoron da ayoyin suka zarga yana iya shiga zuciyar mai jinkirtawa. In kuwa abin da kike dubawa shi ne shekarar farko ta aiki tana da nauyi, ga kwanan asibiti, ga tsayuwar sa'o'i, ga yiwuwar a tura ki wani gari nesa da mahaifiyarki da za ta riƙe miki jariri, kina so ki ba kowanne haƙƙinsa, to, wannan tsari ne, ban ga laifinsa ba. Manomin Baure da ke jiran ruwa ya zauna kafin ya yi shuka, ba wanda ya ce ya rasa tawakkali.

Amma ina da sharaɗi guda da zan ƙara daga kaina, ba daga littafi ba. Ku sa wa abin wa'adi. Ɗaukar aikin gwamnati ba shi da rana. Ana iya cewa wata mai zuwa, a shekara uku ana faɗin haka. Matar da ta ɗaura haihuwarta ga fitowar jerin sunaye ta ɗaura ta ga abin da ba ya hannunta, ba ya hannun mijinta. Ku zauna ku ce wata shida, ko shekara guda. In wa'adin ya cika aiki bai zo ba, ku sake zama, ni kuwa shawarata a nan ita ce ku saki. Ke ba ki taɓa haihuwa ba, ba ki san yadda jikinki yake ba. Wata tana ajiye magani ta ɗauka, wata sai ta yi shekaru tana nema. Kin fi ni sanin cewa allurar nan ta wata uku takan sa haihuwa ta yi jinkirin dawowa na watanni da dama bayan an daina, alhali ƙwayoyi ba su cika yin haka ba. Kin kuma san ƙarfin ɗaukar ciki yana raguwa da shekaru, musamman bayan 35. Kada sanin aiki ya sa ki zama likitar kanki. Ki je wurin wadda ta girme ki a aikin ta duba ki.

Game da sha a ɓoye, amsa ita ce a'a. In Malik ya hana miji ya yi azalu ba da izinin matarsa ba domin tana da haƙƙi a cikin samun ɗa, to, miji ma yana da irin wannan haƙƙin. Abin da aka keɓe shi ne inda amintaccen likita ya tabbatar cewa ciki zai halaka mace ko ya yi mata mummunar cuta. Neman aiki bai kai nan ba. Ban da hukunci ma, ki dubi abin da zai biyo baya. Ranar da ya tsinci katin asibiti ko fakitin ƙwaya a ƙasan akwati, ba maganar haihuwa za a yi ba kuma, maganar amana za a yi, ita kuwa in ta tsage ɗinkinta yana da wuya. Na sha ganin auren da ya mutu a kan abin da bai kai wannan ba.

Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce, Maigida, ga abin da nake gani, ga wa'adin da nake roƙo. In ya ƙi, ki nemi wani babba da yake jin maganarsa. In ya dage, ki haƙura ki ci gaba da neman aikinki a haka.

Kai kuma maigida, in kana karanta wannan fili, da kai nake. Ka aure ta ka san abin da ta karanta. Iyayenta sun sayar da amfanin gona da dabbobi shekara uku suna biya. In ka yarda da jinkirin, ka yarda da zuciya ɗaya, kada ka mai da shi abin gori, ko sandar da za ka riƙa nuna mata kana cewa za ka ƙaro wadda za ta haihu. Kuma kai ne za ka tsaya tsakaninta da mahaifiyarka. Ba sai ka buɗe wa Inna sirrin ɗakinku ba. Ya isa ka ce mata, Inna, a taya mu da addu'a, kome yana da lokaci. Iyayenmu mata su ma su ji tsoron Allah. Wata takwas ba a kiransa rashin haihuwa ko a wurin likitoci, su sai an shekara ana nema ba a samu ba suke fara bincike. Aya ta 49 da ta 50 cikin Suratus Shura sun nuna cewa bayar da 'ya'ya mata, da maza, da hanawa, duka na Allah ne. Suruka ba ta da rumbun da take ɗebo su.

Yanzu layin nan na ƙananan baƙaƙe. Wadda ta gaya miki jini ne ba ta so ki da alheri ba. Abin dogaro a mazhabar Malik shi ne, da zarar mahaifa ta kama, ba ya halatta a fitar ko da kafin kwana arba'in, haka Shehu Dardiri ya bayyana cikin sharhinsa na Muhtasar. Bayan an busa rai kuwa babu saɓani a kan haramcinsa, sai inda ran uwa ke cikin haɗari. Tsakanin rufe ƙofa kafin baƙo ya iso da korar baƙon da ya riga ya zauna akwai nisa. Ba a zubar da ciki don takardar ɗaukar aiki. Ban tsawaita a nan ba domin na san da kin yarda da maganar da ba ki rubuta ta da ƙananan baƙaƙe ba.

To, in cikin ya zo, kamar yadda ya zo wa kuyangar nan ta hadisin Jabiru, sai kuma ga kiran ganawa? Ki je. Asma'u 'yar Umaisu, matar Sayyidina Abubakar, ta fito Hajjin Ban Kwana a shekara ta 10 da tsohon ciki, ta haifi Muhammadu a Zul Hulaifa, Annabi ya umurce ta ta yi wanka ta yi ƙunzugu ta ɗauki harama, ta ci gaba da tafiya. Masu tarihi sun ambaci Ummu Sulaim a yaƙin Hunainu tana da ciki. Ciki ba cuta ba ne, ba kuma abin kunya ba ne ga matar aure.

Ɗaukar aiki a shari'a ijara ce, watau ciniki a kan amfani, kuma hukuncin algus ya shafe ta kamar yadda ya shafi mai zuba jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu. In ba a tambaye ki ba, cikin kuma ba zai hana ki aikin da ake nema ba, ban ga wajibi ne ki fara sanarwa ba. In an tambaye ki, ko akwai gurbin tambayar a takardar gwajin lafiya, sai gaskiya. Kada ki ɗaure ciki da zane, kamar yadda na ji wasu na yi, kada kuma ki sa wata ta ba da fitsarinta a madadin naki. Suratul Ƙasas, aya ta 26, ta siffanta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki da abu biyu, ƙarfi da amana. Wadda za a danƙa wa makullin ɗakin magani da rayukan mutane bai kamata ta shiga ta ƙofar ƙarya ba. In kuma an ɗauke ki, ki sanar da shugabarki da wuri, domin a nisanta ki da ɗakin ɗaukar hoton ƙashi da majinyata masu cututtukan da ke yi wa ɗan tayi lahani. Wannan haƙƙin yaron ne, ba naki ba ne balle ki yafe.

Ki kuma san abin da doka ta tanada, domin rashin sani ne ke ƙara tsoro. Dokar Ƙwadago ta 1974, sashe na 54, ta ba ma'aikaciyar da dokar ta shafa hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin, da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa, ta kuma hana a sallame ta a lokacin wannan hutu. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suna da hutun da ya fi haka tsawo. Jihar Legas a 2014, da Jihar Kaduna a 2019, sun kai nasu wata shida. Abin da zai hau kanki ke dai shi ne abin da aka rubuta a sharuɗɗan aikin inda aka ɗauke ki, don haka ki karanta kafin ki sa hannu, ki tambayi tsawon hutun da kuma ko ana biyan wadda ba ta daɗe da kamawa ba. Tambayar nan ba rashin kunya ba ce. Shari'a ma ta shar'anta a san lada da aiki kafin a ƙulla ijara.

Masu ɗaukar aiki kuma, na gwamnati da masu asibitocin kansu, ku tuna cewa kuna ɗaukar mace ne domin ta yi shekara talatin tana aiki, hutun haihuwa kuwa 'yan watanni ne a ciki. Wanda ya kori ƙwararriya don tana da ciki, shi ne ke tura 'yan'uwanta ga ɗaure ciki da zane da abin da ya fi haka muni, kuma yana da kamasho a zunubin. Abin mamaki ma, asibitin da ke cin abinci da haihuwar matan mutane shi ne zai ƙyamaci haihuwar ma'aikaciyarsa.

Abu guda ya rage, 'yata. Kafin takardar ta fito, kada ki zauna hannu ya yi sanyi. In akwai asibiti kusa da ke mai karɓar masu aikin sa kai, ki nemi izinin maigida ki riƙa zuwa ko da kwana biyu ne a mako, a ranar awon ciki ko ta rigakafin yara. Ki yi sallar istihara ke da shi kafin ku yanke wa'adin, ku kuma rubuta ranar da kuka yanke a wani wuri da ku biyu kaɗai kuka sani, domin kada a yi musu in ta zo.

Allah shi ne mafi sani. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan hukuncin sayar da amfanin gona kafin ya nuna.